Daga Kati Mai Huji Zuwa Digirin Digirgir: Yadda Kwamfuta Ta Shiga Zauren Malaman Tarihi da Adabi

A da, in aka ji ɗalibin tarihi ko na adabi yana koyon rubuta manhajar kwamfuta, sai a ɗauka ya sauya sheƙa ne. Yau kuwa jami'o'i da yawa a Turai da Amurka da Kanada suna ba da digiri na biyu da na digirgir a fannin da ya haɗa fasahar kwamfuta da ilimin harshe, adabi, tarihi, falsafa da zamantakewa. Ɗalibi ɗaya ne zai karanta tsohon kundi da safe, da rana ya tsara rumbun bayanai, da yamma ya shiga ajin ƙididdiga. Kafin a kai nan an shafe fiye da shekara hamsin ana faɗi-tashi. Da farko mai tambaya daban ne, mai sarrafa na'ura daban, mai shigar da rubutu daban. Sannu a hankali aka gane cewa aikin ba ya inganta sai mai tambayar ya san abin da na'ura ke yi wa rubutunsa, kuma don a samar da irin wannan mutum aka ƙirƙiro digirin da ake bayarwa yau.

Limamin coci da katunansa

Duk wanda ya yi nisa a karatun addini ya san Al-Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda aka buga a Alƙahira a 1945. In kana neman duk ayoyin da suka ambaci haƙuri, sai ka je tushen kalmar ka same su a jere. Takwaransa na hadisi, wanda A. J. Wensinck ya faro a Leiden ta ƙasar Holan, juzu'insa na farko ya fito a 1936, na bakwai sai a 1969, alhali shi Wensinck ya rasu tun 1939. Irin wannan fihirisa da hannu ake yin ta, kati bayan kati, kuma takan cinye rayuwar mai yin ta. Wannan wahala ce ta fara kai malamin littattafai ƙofar masu na'ura.

Roberto Busa limamin cocin Katolika ne, ɗan ƙungiyar Jesuit, haifaffen Vicenza ta Italiya a 1913. Yana cikin rubuta kundin digirinsa na digirgir a Jami'ar Gregoriana da ke Rum, a kan tunanin Thomas Aquinas, babban malamin addinin Kirista da falsafa wanda ya rasu a 1274, sai ya lura cewa ma'anar da yake bi tana ɓoye ne a wata 'yar ƙaramar kalmar Latin mai nufin "a cikin". Ya zauna ya rubuta kati wajen 10,000 da hannunsa, kowanne ɗauke da jimlar da kalmar ta fito. Ko da ya kare kundin a 1946, ya riga ya ƙudurta abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya: fihirisar kowace kalma a duk rubuce-rubucen Aquinas da na wasu marubutan da ke da alaƙa da shi, kalmomi kusan miliyan 11.

A 1949 ya tafi Amurka neman na'urar da za ta iya, har ya isa ofishin Thomas J. Watson, shugaban kamfanin IBM, a New York. Na'urorin kamfanin na lissafin albashi da ƙidayar jama'a ne, kuma Busa ya ba da labarin cewa an riga an rubuta wa Watson rahoto cewa abin ba zai yiwu ba. Duk da haka ya amince a gwada. A 1951 gwajin farko ya fito, wata ƙaramar fihirisar waƙoƙin Aquinas da na'ura ta jera. A tsakanin nan ma Josephine Miles ta Jami'ar California da ke Berkeley, ita da ɗalibanta, suna irin wannan aiki a kan waƙoƙin John Dryden, aka buga nasu a 1957.

Katin da ake magana na kwali ne, mai gurabe 80 a jere, kowane harafi ana wakiltarsa da huji a wani wuri sananne. Dole wani ya zauna ya huda su, kalma bayan kalma. Don haka Busa ya buɗe makarantar koyon huda kati a garin Gallarate kusa da Milan a 1956. Yawancin ɗalibanta 'yan matan yankin ne, kuma ba su san Latin ba. Shi ma ya fi son haka, domin ya lura wadda ta san harshen takan yi gaggawar buga abin da take zato, wadda ba ta sani ba kuwa abin da idonta ya gani shi take bugawa. Bayan hudawa akwai aikin da na'ura ba ta iya ba sam. Ɗalibin Larabci ya san kataba da yaktubu da maktub gida ɗaya suka fito, amma a wurin na'ura kalmomi uku ne da ba abin da ya haɗa su. Haka Latin yake, sai da malamai suka zauna suka mayar da kowace siffa gidanta.

Busa ya ƙiyasta cewa da a kan kati aka ƙarasa aikin, da nauyinsu ya kai tan 500. Zuwan zaren maganaɗisu ya rage masa kaya. Index Thomisticus ya fito cikin juzu'i 56 tsakanin 1974 da 1980, ya koma faifan CD a 1992, ya hau intanet a 2005, shi kuma ya rasu a 2011 yana da shekara 97. 'Yan matan Gallarate kuwa an daɗe ba a san sunayensu ba, sai bayan rasuwarsa masu bincike irin su Melissa Terras da Julianne Nyhan suka bi tsofaffin hotuna suka nemo wasu daga cikinsu, suka ji labari daga bakinsu.

Zamanin ƙidaya

Da aka ga na'ura tana iya jera kalmomi, sai aka fara tambayar ta abin da ya fi haka. A 1787 da 1788 an buga maƙalu 85 a Amurka don jawo ra'ayin jama'a su amince da sabon tsarin mulki, waɗanda ake kira The Federalist. Goma sha biyu daga cikinsu an yi shekara da shekaru ana gardamar ko Alexander Hamilton ne ya rubuta ko James Madison. Masana ƙididdiga biyu, Frederick Mosteller da David Wallace, suka bar manyan ra'ayoyin da ke cikin maƙalun, suka koma kan ƙananan kalmomin da marubuci ke zubawa ba tare da ya sani ba. Suka tarar Hamilton yana yawan amfani da kalmar "upon", Madison kuwa da ƙyar take fitowa a alƙalaminsa. Da irin waɗannan alamu suka nuna a littafinsu na 1964 cewa maƙalun na Madison ne, abin da ya yi daidai da ra'ayin masana tarihi da dama.

Fannin ya fara yin gida. Joseph Raben ya kafa mujallar Computers and the Humanities a 1966, masu wannan aiki suka kafa ƙungiya a Ingila a 1973, wata a Amurka a 1978. Aikin da wuya. Malami zai ɗauki kwalin katunansa ya kai cibiyar kwamfuta ta jami'a, ya miƙa ta taga, ya dawo gobe ya karɓi sakamako. In ya kuskure waƙafi ɗaya, sai ya gyara ya sake bin layi.

Abin lura shi ne manyan kayan aiki biyu na wannan zamani daga matsalar ɗaliban digirin digirgir suka fito. Norman Nie yana karatun kimiyyar siyasa a Jami'ar Stanford, amsoshin takardun tambayoyi sun yi masa yawa, sai shi da Dale Bent da Hadlai Hull suka rubuta manhajar da za ta tantance su. Ita ce SPSS, ta fito a 1968, kuma har yau da ita ɗalibanmu na Kano da Zariya da Sakkwato ke haɗa babi na huɗu na kundinsu. Marianne McDonald kuma tana rubuta kundi a kan kalmomin farin ciki a wasannin Euripides, marubucin tsohuwar Girka, ta ga ba hanyar bincika su sai bin shafi-shafi. Ta ba da kyautar dala miliyan ɗaya, aka kafa Thesaurus Linguae Graecae a Jami'ar California da ke Irvine a 1972, da nufin shigar da dukan adabin tsohon Girkanci cikin kwamfuta.

Masana tarihi ma zazzaɓin ƙidaya ya kama su. A 1968 Emmanuel Le Roy Ladurie na Faransa ya yi hasashen cewa masanin tarihin gobe dole ya iya rubuta manhaja, in ba haka ba a bar shi a baya. Amma ba a jima ba aka ga inda gizo ke saƙa. A 1974 Robert Fogel da Stanley Engerman suka fitar da Time on the Cross, inda suka yi amfani da ɗimbin alƙaluma don nazarin tattalin arzikin bauta a kudancin Amurka. A ciki sun ɗauki littafin ajiyar wani mai gonar auduga a Louisiana, Bennet Barrow, wanda ya rubuta bulala sau 160 da aka yi wa bayinsa cikin kimanin shekara biyu. Suka raba, suka ce kowane bawa mai aiki bai kai ga shan bulala sau ɗaya a shekara ba, sau 0.7 ne. A 1975 Herbert Gutman ya ɗauki alƙaluman nan dai ya juya su, ya nuna cewa a wannan gona kusan duk kwana huɗu da rabi sai an zane wani, sauran bayin kuma sun sani, kowa yana jiran ranar da za ta zo kansa. Lissafin farko ya ɓoye tsoron da mutane ke kwana da shi, na biyu ya fito da shi, kuma daga takarda ɗaya aka ciro su. Wannan gardama ta sa masana tarihi da yawa suka ja da baya daga ƙidaya na tsawon shekaru, ta kuma bar darasin da har yau ake koya wa ɗaliban fannin, cewa wanda ya zaɓi abin da za a raba da me, shi ya riga ya yanke rabin hukunci.

Ƙa'ida ɗaya, sannan intanet

Zuwa shekarun 1980 an tara littattafai da yawa cikin kwamfuta, sai dai kowace cibiya da irin alamominta. Abin da aka shigar a Oxford ba lalle na'urar Pisa ta gane shi ba. A watan Nuwamban 1987 masana kimanin talatin suka taru a Kwalejin Vassar da ke jihar New York, suka amince a samar da ƙa'ida ɗaya, wadda aka sani da TEI. Manufar ita ce mai shigar da rubutu ya riƙa lanƙaya alama yana gaya wa na'ura: wannan sunan mutum ne, wannan gari ne, nan baiti ya ƙare, wannan kalma an soke ta, wannan sharhi ne a gefen shafi da wani hannu daban. Cikakken kundin ƙa'idojin ya fito a 1994. Ɗaya daga cikin editocinsa, Michael Sperberg-McQueen, wanda asalin karatunsa adabi ne, yana cikin waɗanda suka tsara XML a 1998, tsarin da bankuna da kamfanoni suka runguma daga baya. A nan malaman adabi ne suka ba injiniyoyi gudummawa.

Da intanet ta buɗe wa kowa, sai ayyukan suka fita daga ɗakunan bincike. A 2003 Tim Hitchcock da Robert Shoemaker suka fara ɗora bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan, fiye da shari'a 197,000 daga 1674 zuwa 1913, kalmomi miliyan 127. Sashen farko sau biyu aka buga shi da hannun mutane daban-daban, na'ura ta gwada biyun ta nuna inda suka saɓa. Ta wannan taga aka ji muryar talakawan Landan, 'yan aikin gida da ɓarayin aljihu da masu talla, waɗanda littattafan tarihi ba su ambata.

Aikin da ya fi shafar mu shi ne rumbun bayanan cinikin bayi ta Tekun Atlantika. David Eltis da David Richardson da Stephen Behrendt da Herbert Klein suka haɗa abin da masu bincike suka tsinto daga ma'ajiyar takardu ta ƙasashe da dama. Ya fito a faifan CD a 1999 da tafiyar jirgi 27,233, ya hau intanet a 2008 daga Jami'ar Emory, yanzu ya haura tafiya 36,000. Daga nan aka ƙiyasta cewa an loda mutum kimanin miliyan 12.5 daga gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Akwai Hausawa a cikinsu, irin waɗanda suka shirya bore a Bahia ta Brazil a 1807 da 1814. Wani reshe na aikin ya tattaro sunayen mutum fiye da 90,000 da aka ƙwato daga jiragen bayi aka rubuta a rajistar kotunan Freetown da Havana da wasu wurare. Akawun Bature ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji, don haka masu aikin suka nemi 'yan Afirka su taimaka su gane wane suna na wane harshe ne. Na'ura ta jera sunayen, amma sai Bahaushe ne zai ji ya ce wannan namu ne.

Yadda abin ya zama digiri

Duk waɗannan ayyuka suna buƙatar wani irin ma'aikaci da babu makarantar da ke yaye shi. Waɗanda suka iya, da kansu suka koya. Da yawansu suna zaune a cibiyar kwamfuta ana kallon su a matsayin masu hidima, ba a lissafa aikinsu wajen ƙarin girma, in kuɗin tallafi ya ƙare su kama gabansu da duk abin da suka sani. A ɗaya ɓangaren, malamin da ya miƙa kundinsa ga injiniya bai san irin shawarwarin da aka yanke a madadinsa ba. Wannan giɓi ne jami'o'i suka tashi cikewa.

Jami'ar Alberta ta Kanada ta buɗe digiri na biyu a fannin a 2001, a shekarar da aka fara wani horon bazara a ƙasar wanda har yau ake zuwa daga ƙasashe daban-daban. A Kwalejin King's ta Landan, Harold Short ya jagoranci wata cibiya tun farkon shekarun 1990. Ta fara ba da digiri na biyu, a 2005 kuma Willard McCarty ya buɗe digirin digirgir, wanda ake ɗauka shi ne irinsa na farko a duniya, sannan a 2011 cibiyar ta koma amsa sunan sashe. A 2004 Susan Schreibman da Ray Siemens da John Unsworth suka fitar da A Companion to Digital Humanities, littafin da ya tattara fannin wuri ɗaya ya kuma yaɗa sunan da aka san shi da shi yau. Ƙungiyoyin fannin suka haɗe ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2005. École des chartes ta Faris, wadda tun 1821 take horar da masu karanta tsofaffin takardu, ta buɗe nata digiri na biyu a 2006. Hukumar da ke tallafa wa binciken adabi da tarihi a Amurka ta ware wa fannin ofishi a 2008. Kwalejin UCL ta Landan ta kafa cibiya a 2010, Oxford da Cambridge kuma suka buɗe nasu digiri na biyu a 2022.

A Ingila shekara ɗaya ake yin digiri na biyun, a Faransa da Kanada galibi biyu. Ɗalibi yana koyon harshen manhaja, yawanci Python, da lanƙaya alamomin TEI, da tsara rumbun bayanai, da ɗora bayanai a kan taswira, da zana alaƙar mutane, wa ya rubuta wa wa wasiƙa, wa ya yi karatu wurin wa. Akwai darasin ƙididdiga, akwai na haƙƙin mallaka da ɗa'ar bincike. Da yawa sukan yi watanni suna aikin koyo a laburare ko gidan tarihi ko ma'ajiyar takardu, kuma kundin ƙarshe yakan zo da abu biyu: rubutaccen nazari da wani abu da ɗalibi ya gina da hannunsa. Ajin yakan haɗa wanda ya karanta adabi da wanda ya karanta kwamfuta, kowa ya koyi abin da ɗayan ya zo da shi.

Wani aikin UCL ya nuna yadda hannun mutum da na'ura ke ciyar da juna. A 2010 aka gayyaci jama'a su taimaka wajen kwafe rubuce-rubucen hannu na masanin falsafa Jeremy Bentham, masu wuyar karantawa. 'Yan sa-kai suka kwafe dubban shafuka, kuma da waɗannan shafuka aka koya wa na'ura karanta rubutun hannu a aikin da ya haifar da Transkribus, manhajar da ta taso daga Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya.

Tulin bayanai da masu suka

Masana zamantakewa ta wata ƙofa suka shigo. Wayar hannu da kafofin sada zumunta sun sa biliyoyin mutane suna barin sawu a duk inda suka bi. Oxford ta kafa cibiyar nazarin intanet a 2001, a 2009 kuma David Lazer da abokan aikinsa suka buga maƙala a mujallar Science suna kiran a gina sabon fannin nazarin zamantakewa ta hanyar kwamfuta, suna gargaɗin kada a bar shi a hannun kamfanoni da hukumomin gwamnati kaɗai. Gargaɗin ya tabbata. A 2014 aka buga wani bincike da ya nuna an sauya abin da masu amfani da Facebook 689,003 ke gani na mako guda don a auna yanayin zuciyarsu, ba tare da an tambaye su ba. A 2018 badaƙalar Cambridge Analytica ta fashe, inda bayanan mutum har miliyan 87 suka bi ta wata manhaja da wani malamin jami'a ya rubuta. Shi ya sa darasin ɗa'a ya zama ginshiƙi a waɗannan digirori.

Daga cikin gida ma an yi suka. A 2019 Nan Z. Da ta sake gwada lissafin wasu fitattun nazarce-nazarcen adabi da aka yi da kwamfuta, ta ce wasu sun tabbatar da abin da kowa ya sani ne, wasu kuma lissafinsu bai tsaya ba. Akwai kuma matsalar ɗorewa. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan zamani don cikar littafin Domesday shekara 900. Cikin shekara goma sha biyar na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, sai da aka yi aikin ceto, alhali littafin fata na 1086 yana nan ana karanta shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta wanda aka bari a waje. A 2010 Google ya buɗe manhajar da ke nuna hawa da saukar kalmomi cikin littattafai miliyan 5.2. Harsunan da ke ciki a lokacin su ne Turanci, Faransanci, Sifaniyanci, Jamusanci, Rashanci, Sinanci da Ibrananci. Babu Larabci, babu harshen Afirka ko ɗaya. Abin da ba a shigar ba, ba a ƙidaya shi, kuma abin da ba a ƙidaya ba, ɗalibin da ya dogara da allo zai ɗauka babu shi.

Inda labarin ya iso ƙofarmu

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a Yamai kuma cibiyar IRSH tana riƙe da dubban kundaye da Boubou Hama ya fara tarawa. A ƙarshen shekarun 1980 Charles Stewart na Jami'ar Illinois ya fara rumbun bayanan rubuce-rubucen hannu da wani laburaren gado a Boutilimit ta Muritaniya, daga baya ya haɗo da jerin kundayen Yamai da Tumbutu da na Kano da ke Jami'ar Northwestern, ciki har da littattafan Malam Umaru Falke. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun jera ɗaruruwan littattafan adabin kasuwar Kano da aka buga tsakanin 1987 da 2002. A Jami'ar Boston, Fallou Ngom da abokan aikinsa, ciki har da Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero, sun ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami, sun kwafe wasu da boko, sun fassara. Abin da ya faru a Tumbutu a 2012 da 2013, inda aka ƙona ko aka sace kundaye wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, aka kuma fitar da dubun-dubatai a ɓoye zuwa Bamako, ya nuna dalilin gaggawa.

Sai dai hoto mataki ne na farko. A ɗauki shafi ɗaya na waƙar wa'azi da ajami. Rubutun Magaribi ne, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Na'urar da aka horar da bugun Alƙahira za ta ga ɗigo ɗaya a sama ta ce fa ce, ta lalata kalmar. Harafin da Balarabe ke karantawa da harshe tsakanin haƙora, Bahaushe "ca" yake nufi da shi. Ɗigon imala a ƙasan harafi shi ke ba da wasalin "e". Wasalin "o" da "u" sau da yawa alama ɗaya ce, sai ma'ana ta raba su. Hannun Kano daban, na Barno daban. Wasu haruffan ajamin Hausa ma sai a 2020 aka shigar da su Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta. Kafin na'ura ta iya karanta wannan shafi, dole wani da ya iya karatun ya kwafe ɗaruruwan irinsa daidai, ya yanke shawara a kan kowane ɗigo, ya kuma san yadda ake ciyar da na'urar da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An fara motsi. Jami'ar Legas tana da cibiyar fannin, tana kuma gudanar da horon bazara tun 2017. Afirka ta Kudu ta kafa cibiyar SADiLaR a Jami'ar North-West don harsunanta. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suka tantance. Irin wannan tari ne ke koya wa ƙirƙirarriyar basira Hausa, kuma ingancin Hausarta daidai yake da ingancin abin da aka ba ta.

Abin da ya rage shi ne jami'o'inmu su mayar da wannan ƙoƙari na ɗaiɗaiku karatu mai tsari. Kayan haɗin duk suna nan a harabar jami'a ɗaya: sashen Hausa, na Larabci, na tarihi, na nazarin zamantakewa, na kwamfuta, da laburare. Digiri na biyu da zai haɗa su ba ya buƙatar sabon gini, yana buƙatar shugabannin sassa su yarda su duba ɗalibi tare, hukumar jami'a kuma ta yarda cewa ingantaccen bugun kundi ko rumbun bayanai bincike ne da ya cancanci maki da ƙarin girma. Ya kamata a buɗe ƙofa ga wanda ya taso a tsangaya ya iya karatun warash da ajami, domin abin da yake da shi ya fi Python wuyar koyo. A rubuta sunan gidan da ya adana kundi, da na wanda ya kwafe shi, a bar cikakken kwafi a nan gida a tsarin da za a iya buɗewa bayan shekara hamsin. Ɗalibi ɗaya da ya kwafe waƙoƙin Nana Asma'u na Hausa bisa ƙa'ida, ko ya jera wasiƙun fadar wani sarki da sunaye da garuruwa da shekaru, ya yi wa duk masu zuwa bayansa aikin da ba sai an sake ba. Malaman da suka iya karanta waɗannan takardu suna raye, kuma da yawansu sun manyanta, saboda haka yanzu ne lokacin tura musu ɗalibai.